Libarbar da Ta Ƙi Gyaruwa

A garinmu ba a zuwa gidan mutum haka kawai, sai da dalili. Ko aron tsani, ko mayar da kwano, ko a sanar da kai saniyarka ta tsallaka shinge. In ba ka da shanu, ba ka aro, ba a aro a wurinka, kana iya shekara motar kowa ba ta tsaya a ƙofarka ba. Ban gane haka ba sai da matata Marlys ta rasu, domin ita ce mai dalilan. Garin iyayenta ne, nan tsakiyar Nebraska. Ni mutumin Omaha ne, gyaran lifta na yi har na yi ritaya, ta ce mu dawo gida. Shekara goma sha wani abu ina nan, amma sunana bai wuce mijin Marlys ba. Ita ke hira, ni in riƙe mata jaka.

Bayan jana'iza matan coci suka yi ta kawo abinci har firij ya ƙi rufuwa. Na wanke kwanukan tas, na bi gida-gida na mayar, ashe wauta na tafka, da na riƙe su da an riƙa zuwa karɓa. Daga nan gidan ya yi tsit. 'Yarmu Colleen tana Oregon, takan kira ran Lahadi ta tambaya ko na ci abinci, in ce na ci. Sau da yawa sai na yi gyaran murya kafin in amsa, don muryar ta kwana biyu ba a taɓa ta ba.

Ran Asabar nakan je gidan abincin LaVonne in zauna a kanta, dogon teburin nan da ake miƙo abinci, in ba ɗakin baya. Wajen hantsi sai tsofaffin nan uku su shigo suna warin albarushi: Duane Vondra mai kantin bindigogi da kayan kamun kifi, da Leland Stuhr da ya bar wa ɗansa gonar masara, da Merle Oberg tsohon direban motar makaranta, wanda bakinsa ba shi da birki. Daga tsohon ramin tsakuwa suke, inda suke harbin farantan ƙarfe da tsofaffin ƙananan libarbobi, wanda ya fi kowa kuskure shi ke sayen kofi. Su zauna a teburin taga su yi ta yi wa juna tsiya, ni kuwa ina dariya cikin kofina ba wanda ya sani. Teburin kujera huɗu gare shi, ta huɗun rigunan sanyi suke jibga mata.

Kujerar nan nake so, ba zan ɓoye ba. Amma namiji ɗan saba'in ba ya tashi ya ce wa maza ku bar ni in zauna, kaɗaici ya ishe ni. Sai da dalili, dalilin kuwa yana cikin gilashin kantin Duane.

Na karɓo takardar izini daga ofishin gunduma, ran wata Laraba na shiga kantin. Rabona da bindiga tun ina soja, ita ma doguwa ce, kuma ban bar wa kowa tarihin arziki da ita ba. Can kusurwar gilashin na hango wata 'yar libarba da ba ta wuce tafin hannuna ba, hancinta gajere kamar an datse, mai cin harsashi biyar. Baƙin jikinta ya koɗe a gefe-gefe har farin ƙarfe ya fito, ƙotar katakon ta yi sulɓi don shan hannu. Duane ya ce ta kusa sa'ata. Wani likitan dabbobi ne ya yi shekaru yana yawo da ita a aljihun kwat, da ya mutu 'ya'yansa suka kawo ta. Ya buɗe gangar da harsashi ke shiga ya juya ta, ya ɗaga hancin wajen fitila ya leƙa, sannan ya miƙo mini. Ta fi yadda na zata nauyi, kuma ta zauna a hannuna daram.

Na ce na saya, ko ragi ban nema ba. Ya kawo kube, na ce ba na so. Ya kawo kayan goge ta, na ce a bar su. Ya ɗora kwalin harsashi a kan gilashi, na tambaya nawa ne a ciki, ya ce hamsin.

"Hamsin? Me zan yi da hamsin? Ba ni biyar."

Ni dai tunanina kada in gwada in ga ba zan iya ba, in yi asara. Marlys ta sha cewa da iska ta sayarwa ce, da rabin numfashi zan riƙa yi. Sai kuma na tambaye shi ko tana fashi, wato in mutum ya ja kunama sau ɗaya, tabbas za ta tashi? Kunya nake gudu, kada in tsaya gaban mutane tana yi mini ƙas-ƙas.

Duane ya ɗauki tsumma ya shiga goge gilashin da ba shi da datti. Ya tambaye ni gida, na ce shiru. Ya tambayi Colleen, na ce tana nesa, tana fama da nata. Ya ce ya ji na kai kayan Marlys coci har da keken ɗinki, na ce to me zan ajiye su in yi. Sai ya sake ɗaukar libarbar, ya kara ta a kunne, ya juya gangar a hankali, ya yamutsa fuska.

"Ka ji? Gangar nan ba ta zama daidai. Ba za ta fita kantina a haka ba, Alvin. Taka ce, amma bar ta in duba. Ran Asabar ka zo ramin tsakuwa, zan taho da ita mu gwada."

Na yi shekaru ina cin abinci da sauraron ƙarfe, kuma ban ji komai ba. Amma ban damu ba. Sunana ya kira, ya kuma gayyace ni da bakinsa. Na fita kantin hannu rabbana, raina fes.

Ran Asabar na riga kowa zuwa. Suka rataye farantan a jikin wani tsohon ƙarfen lilo, gaban tudun ƙasa. Duane ya fito da libarbata daga jakarsa, shi ya ɗura, shi ya miƙo, ya tsaya dab da kafaɗata har ina jin numfashinsa. Na ja kunama, tauri gare ta kamar tsohuwar sakata. Ta yi tsalle a hannuna, wuta ta fito, ƙura ta tashi can gefe nesa da faranti. Na ƙarasa sauran, ko ɗaya bai yi kusa ba.

Merle ya ce wa Leland, "Kai, je ka gaya wa ɗanka ya shigar da shanu. Mutumin birni ya zo."

"Bar shi," in ji Leland. "Kai da ka fara, ai motarka ka harba."

"Ta cancanta."

Ba zan iya faɗin daɗin da na ji ba da aka yi mini tsiya. Duane ya ce matsalata ina tsoron ƙarar, ina duƙar da hancin kafin harsashi ya fita. Na musa. Ya juya baya ya ɗura, ashe ya saka kwanso ɗaya fanko a cikin masu rai. Da na zo kansa bindiga ta yi ƙas, hannuna kuwa ya duƙa ƙasa kamar mai saran maciji, kowa ya gani. Suka yi dariya har Leland ya dafa mota. Daga nan ya koya mini in ja kunamar sannu-sannu ba tsayawa, in bar ƙarar ta zo mini ba zato. Kafin mu tashi faranti ya yi mini ƙara sau ɗaya, siririn sauti mai daɗi. Duane ya karɓi libarbar ya mayar jaka, ya ce har yanzu da saura, sai ya canja wani sifirin, ɗan murɗaɗɗen ƙarfen nan na ciki.

Ni na sayi kofi. Da muka shiga wurin LaVonne, Leland ya kwashe rigunan daga kujerar ya rataye a bango ba tare da ya ko dube ni ba, kamar abin da ya saba yi. Na zauna. Daga nan titi ma daban yake.

Ran Talata sai ga a-kori-kurar Leland a ƙofata, wai tsani yake so. Mutumin da ke da rumbuna uku a ce ba shi da tsani, amma ban kawo komai a raina ba. Ya sha kofi kofi biyu, ya ba ni labarin ƙanƙarar da ta taɓa kwantar masa da masara ana jibi girbi. Ran Alhamis Merle ya zo da kifi a bokiti, ya ce matarsa ta hana shi soyawa a gida, in ara masa kasko. Muka soya muka ci a tsaye, yana zagin gwamnati da ƙungiyar ƙwallon jiha. Da ya nemi banɗaki ya daɗe a ciki, har na ji yana buɗe akwatin magunguna, na ce a raina tsoho da bin ƙwaƙƙwafi. Duane kuwa yakan buga waya da yamma ya ba ni rahoton libarba, daga nan hira ta zarce.

Haka bazara ta wuce mana. Leland ya mayar da tsani ya ari zarto, ya mayar da zarto ya ari igiya. Na fara sayen burodi mai kyau. Na gyara matakalar ƙofa da ta daɗe tana rawa. Colleen ta ce muryata ta canja, na ce ina da mutane yanzu. Harbina ma ya ɗan gyaru, har akwai Asabar ɗin da Merle ya sayi kofi, ya ce rana ce ta shiga masa ido alhali hadari ne a sama.

Libarba dai ta ƙi gyaruwa. In an canja sifirin sai a ce ƙusa ce, in ƙusa ta zo sai a ce ba irinta ba ce, an sake aikawa Missouri. Kullum a hannuna tana tashi lafiya lau, kullum ta koma jakar Duane. Wata Asabar, ana shirin shiga kaka, na saka tabarau na duba ƙusoshin gefenta da kyau. Duk wanda ya yi aikin ƙarfe ya san ƙusar da sukudireba ta taɓa. Waɗannan har tsohon maiƙon da ya bushe a tsagarsu yana nan, ba wanda ya kwance su tun ina saurayi.

Raina ya ɓaci. Abin da ya zo mini shi ne Duane ya sami mai saye da tsada, yana ja mini rai ne in gaji in ce a mayar mini da kuɗina, tunda ni baƙo ne. Na daure har muka zauna wurin LaVonne, sannan na ajiye kofi na ce masa bai taɓa buɗe bindigar nan ba, kuma ni ba yaro ba ne. In yana son abarsa ya faɗa gaban mutane.

Duane ya sunkuyar da kai yana juya cokali, Leland ya shiga kallon titi. Merle ne ya kasa haƙuri.

"Kai tsoho, ba cutarka ake ba. Matarka ta mutu, ka rabar da kayan gida, ka shiga kanti ba ciniki, ba kube, ka ce harsashi biyar, ka ce za ta tashi a jan farko? Me kake so mutum ya ɗauka?"

Ban fahimta nan take ba, sai da ya ambaci Wendell Kroeker. Wendell manomi ne, shekarar da banki ya ƙwace gonaki ya shiga kantin Duane ya sayi 'yar bindiga yana raha, Duane ya naɗe masa a takarda ya yi masa sai an jima. Da ita Wendell ya kashe kansa, Duane ɗin ne kuma ya ɗauki gaban akwatin gawarsa. Tun daga lokacin, in ji Merle, in mutum ya shigo da irin wannan fuskar, bindigarsa takan sami matsala, su kuma su raba kwanakin mako a tsakaninsu. Ba a tambayar mutum. Tambaya cin fuska ce, kuma ko an tambaya ƙarya zai yi.

Na ji kamar an tuɓe ni a tsakiyar kasuwa. Tsanin, kifin, wayar yamma, akwatin magunguna. Ashe gadina ake yi, ni ina can ina sayen burodi mai kyau. Kunya ta taso mini, fushi ya biyo ta, kuma fushin ya fi sauƙin riƙewa. Na ce musu ni ban taɓa tunanin abin nan ba ko sau ɗaya. Marlys tana jirana, amma ta san ni da nawa, ba za ta yi mamaki ba in na makara. Biyar na ce don ni marowaci ne, kowa ya sani.

"To me ya kai ka sayen bindiga," in ji Duane a hankali, "kai da ko gwangwani ba ka iya samu?"

Na buga hannu a kan kujerar da nake zaune. "Wannan. Wata da watanni ina zaune can ina jin ku. Na rasa yadda zan yi in zo nan, shi ne na sayi bindiga."

Suka dube ni, suka dubi juna. Merle ne ya fara, dariya ta ƙwace masa har kofi ya fito masa ta hanci. Leland ya cire hula ya rufe fuska, kafaɗunsa suna rawa. Duane bai yi dariya sosai ba, ajiyar zuciya ya yi, doguwa, na ga kafaɗunsa sun sauka kamar wanda ya ajiye buhu. Merle ya ce a tarihin gundumar nan ba a taɓa sayen kujera da tsada haka ba. Ni ma na yi dariya, na ji na wanke kaina, na fito namiji mai lafiya wanda ba ya bukatar a yi masa gadi. A wajen mota Duane ya ciro libarbar ya miƙo mini, da kwalin hamsin, ya ce kyauta ne, in daina rowa.

Ran Talata na dafa kofi na mutum biyu. Leland ya zo kuwa, amma igiyata ya kawo. Bai kashe mota ba, ya miƙo ta taga, ya ce girbi ya kama, ɗansa na bukatar mai tuƙa masa babbar mota. Bai ari komai ba. Ran Alhamis na wanke kasko na ajiye a kan murhu, har rana ta faɗi ba Merle. Waya ma ta yi shiru, tunda ba sauran rahoton da za a bayar.

Ba fushi suka yi ba, kada a fahimce ni a karkace. In mun haɗu a hanya kowa yakan ɗaga mini yatsa daga kan sitiyari alamar gaisuwa, LaVonne ta daina tambayata inda zan zauna. Sun dai tabbatar lafiyata ƙalau, mai lafiya kuwa ba a zuwa gidansa. Ni da bakina na sallame su. Na sha zama a kicin ina tunanin da na bar ƙusoshin nan da tsohon maiƙonsu, da har yanzu ana jiran saƙo daga Missouri. Na ma yi tunanin in je in ari wani abu wurin Leland, na zagaya gidan ina neman abin da ba ni da shi, na rasa. Mutum ɗaya ba ya bukatar komai.

Asabar ta rage mini, ita ma ba ta daɗe ba. Leland ya nutse cikin masara. Lokacin farautar barewa ya zo, Duane ya koma buɗe kanti tun asuba har ran Asabar. Merle da matarsa suka ɗaura tirela suka tafi Arizona gudun sanyi, yadda suke yi duk shekara. Ya tsaya a ƙofata ya danna ham, ya leƙo ya ce kada in harbe kowa sai ya dawo. Dusar ƙanƙara ta farko ta rufe hanyar ramin tsakuwa. Na je wurin LaVonne na zauna a teburin taga ni kaɗai, kujera uku suna kallona, na sha kofi na tashi. Kanta ma ta fi, can aƙalla akwai mutane a bayana.

Gidana shi ne na ƙarshe kafin gonaki, bayansa akwai tudun da aka tara lokacin haƙa tafki. Wata safiya da iska ta kwanta na saka rigar sanyi, na ɗauki wani murfin tukunya mai kauri da ya rasa tukunyarsa, na ɗaure shi da waya a jikin dirkar shinge. Na ja da baya har na wuce inda muke tsayawa a ramin tsakuwa, na ƙara ja, don ba mai yi mini dariya. Na ɗura da kaina, yatsuna suna ƙagewa. Ƙotar ta yi sanyi, can ta ɗauki ɗumin hannuna. Na ɗaga, na ja kunamar sannu-sannu ba tsayawa.

Murfin ya yi ƙara ya juya. Na jira ya tsaya, na sake ja, ya sake amsawa. Haka har gangar ta ƙare, ko ɗaya bai faɗi ƙasa ba, daga nisan da Duane kansa sai ya yi da gaske. Ban san lokacin da na juya ba, bakina a buɗe, na riga na fara cewa, "Merle, ka ga..."

Gidan ne kawai a bayana, da sawun ƙafata a kan ƙanƙara. Na buɗe gangar na zazzage kwansunan a aljihu. In na ba da labarin nan Merle zai ce ƙarya nake, Leland ya ce a bar ni, su yi ta yi har kofi ya huce. Amma sai bazara, kuma ko Kirsimeti ba a yi ba.